Shafukan da Aka Manne da Ƙaro

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta san ta tono komai ba. Ta dawo daga makaranta ran nan ta jefar da jaka a tsakar gida ta zumɓura baki. Na tambaye ta wa ya taɓa ta, ta ce ba wanda ya taɓa ta, littafinsu aka karɓe. Wai suna tsakiyar karanta labarin wata yarinya da ruwa ya ci garinsu, sun kai daidai inda uwar yarinyar ta koma cikin gida ɗauko wani abu, sai washegari aka bi su benci-benci aka tattara littattafan aka kulle a ofishin hedimasta. Aka ce musu iyaye sun yi ƙorafi, labarin ya yi wa yara nauyi. Ita dai abu ɗaya ne ya dame ta, ba ta san ko uwar ta fito ba.

Da ubanta ya dawo daga kasuwa na tare shi da maganar, ashe da shi aka yi zaman iyayen da suka kai ƙorafin. Ɗana mutum ne mai son 'ya'yansa har ya wuce misali, in kaza ta yi wa yaro kallon banza sai ya kore ta. Ya yi mini bayani a tsanake, ya ce yaran nan da yawansu sun ga ambaliya da idonsu, wasu a kafaɗa aka fita da su, me za a ƙara musu da labarin mutuwa a takarda? Ya ce, "Hajiya, gara a bar su su ci yarintarsu. Duniya za ta koya musu, ba sai mun yi gaggawa ba." Ban musa masa ba. Ni ma akwai littattafan da in na gan su a hannun jikata zan karɓe, ba kuma zan tsaya kiran taro ba. Na ce masa dai tunda sun karɓe wannan, ya nemo ƙarshen labarin ya zauna ya ba ta da bakinsa. Ya yi dariya ya ce to, irin "to" ɗin da ake yi wa tsofaffi. Ni kuwa tun ranar zuciyata ta koma ƙauyenmu ta ƙi dawowa.

A bakin kogi aka haife ni, a wani ƙauye gabas da Haɗeja, inda ruwa ke faɗa wa mutane lokacin komai. In ya hau a bar masa fadama da shinkafar da ke cikinta, in ya janye a bi sawunsa da wake da kuɓewa a danshin da ya bari. Kukan kirinjijiya da ke wucewa ta saman gida shi ke tashe mu, sai kiran salla, sai taɓarya ta fara amsa wa taɓarya daga gida zuwa gida, kowace mace ana gane dakanta ko ba a gan ta ba. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa, amma ban tuna mun taɓa kiransa wahala ba. Mu ɗebo ruwa, mu shiga tabki har ƙugu mu tsinko baɗo, mu yanko wa masu saƙar tabarma kaba, mu zauna gindin banda muna juya kifi, hayaƙi na sa mu hawaye muna dariya. In shinkafa ta fid da kai mu wuni a gona muna jan igiyar gwangwanaye, muna yi wa tsuntsaye ihu har murya ta dushe. Bara da aka kai ni ƙauyen a adaidaita ban ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Injin ban ruwa ne ke ta ruri, injin casa ya karɓe aikin turmi, babura na kai-kawo a hanyar da muke bi da ƙafa. Mashigin da jirage ke tsayawa kuwa kacala ta cinye shi, doguwar ciyawar nan da ta toshe rabin kogin. Na tsaya ina neman inda muke wanki, sai da wata tsohuwa ta nuna mini da sanda.

Babana masunci ne, kuma da gora yake kamun kifi. Yaran yanzu in ka ce gora sai su ɗauka na ruwan sha ne. Nasa ƙato ne da hannuwana biyu ba sa zagayewa, da ƙaramin baki a sama. Yakan kifa cikinsa a kai ya shiga ruwa yana tuƙi da hannu da ƙafa, koma, wato ragar kamun kifi, a gabansa, abin da ya kama ya jefa cikin goran. Ni ce 'yarsa ta fari, aka sa mini sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. In ya dawo da yamma yana ƙarnin kifi da laka, sai ya tsaya daga zaure ya tambaya ko Uwata ta yi wa ɗanta tuwo. In fito da gudu, ya miƙo mini kifin da ya fi kowanne ƙanƙanta, wai rabona ke nan tunda tsohuwa ba ta da haƙora. Ba mai yawan magana ba ne a cikin manya, amma ni yakan zaunar da ni yana gyaran koma yana gaya mini halin kifaye, wai tarwaɗa taurin rai gare ta, kurungu kullum cikin ƙorafi yake, karfasa kuwa ba ta da wayo ko kaɗan.

Ya rasu ina Jahun. Bari in faɗa a sarari tun yanzu, tunda ni ba a faɗa mini ba. An kai ni gidan Goggo, ƙanwar Baba, in taya ta reno bayan ta haihu, a can ƙyanda ta kama ni ta kwantar da ni. A daidai lokacin Baba da abokan sana'arsa suka tafi kamun kifi can cikin fadamun Baturiya, koma ta naɗe masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa, kafin a ankara ya cika. Gida da nisa, sai suka yi masa sutura a wani ƙauye na kusa. Da saƙo ya iso Jahun Goggo ta shanye kukanta a bayan ɗaki, domin a wancan zamani an ce mai ƙyanda ba a tayar masa da hankali, in ya firgita ƙyandar komawa ciki take ta kashe shi. Ban taɓa ganin laifin kowa a wannan ba. Amma na warke, ƙuraje suka bushe, gashina da ya zube ya fara tsirowa, ba wanda ya ga ranar da ta dace. Kaka, mahaifiyar Baba, ta aiko a riƙe ni a can har Inna ta fita takaba. Da na dawo gida ita da kanta ta zaunar da ni a cinyarta ta ce Baba ya tafi kamun kifi Cadi, tafiyar kuwa mai nisa ce, mutane kan yi shekaru ba su dawo ba.

Wani zai ce yaya gari guda zai riƙe magana irin wannan, har da yara. To ba ku san Kaka ba. Ita ce ungozomar ƙauyen, kusan duk wanda bai kai ta shekaru ba ita ta yanke masa cibi, ta san shi tun ba shi da wando. Ta bi gida-gida ta ce takwararta ta tashi daga ciwo ba ta da ƙwari, duk wanda ya fasa mata wannan ƙwai ita da shi ne. Manya suka ji kunyarta, yara suka ji tsoronta. Ni kuwa sai na ga gari ya sauya mini ta hanyar da ban gane ba. Mai ƙosai ta riƙa ƙara mini gyara ban roƙa ba. Abokan Baba in sun fito daga ruwa sai su ajiye kifi a zaurenmu su wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shafa kai. Liman in ya gamu da ni ya shafa kaina, mai unguwa ya shafa, tsofaffin da ke zama gindin tsamiya kowa ya miƙo hannu ya shafa. Na ɗauka sabon gashina ne ya yi kyau, har na riƙa tura ɗankwali baya don a gani sosai. Sai da na girma na san kan maraya suke shafawa.

Ranar kasuwa a mashigi nake wuni. Duk jirgin da ya taho daga gabas sai na leƙa fuskokin da ke ciki, in na ga fatake da kwandunan banda in tambaye su ko sun ga Babana a Cadi, dogo ne, yana da tabo a haɓa. Baƙi su ce Cadi ai duniya ce, yarinya. 'Yan gari kuma su sunkuyar da kai su hau ɗaure igiya. Na riƙa tara masa labarai: ƙanena ya fara tafiya, akuyarmu ta haihu, an sa ni makarantar boko har na fara haɗa baƙi. Wannan na ƙarshe shi na fi ɗoki. Na ƙudura in ya dawo zan zaunar da shi yana gyaran koma in karanta masa littafi, ya ga Uwarsa ta zama malama. Inna ba ta taɓa ce mini ya tafi Cadi ba, ba ta kuma taɓa cewa bai tafi ba. Ni 'yar fari ce, tsakanina da ita akwai kunyar nan ta mutanen da, ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, "ke" ce kawai ko "yarinyar nan". In na soma zancen Baba sai ta miƙe ta tattara tukwane ta nufi kogi, ko da kuwa da safen nan aka wanke su. Na ɗauka fushi take da shi don ya daɗe, har nakan ba ta haƙuri a madadinsa.

Makarantarmu ta ƙasa ce da rufin kwano, a gefen gari wajen fadama. Malaminmu mutumin Haɗeja ne, siriri, kullum sai an ɗora shi da kekensa a jirgi an haye da shi, ya iso ƙafar wando a naɗe. Ba shi da bulala, yana dai da tsawa, tsawar kuma ba ta tsorata kowa. Littafin karatun Hausa guda ake ba benci guda, mu haɗa kai a kansa kamar kaji a kan tsaba. Labarai ne a jere, na dabbobi da na fatake da na wawaye. Malam yana da wata ɗabi'a, ba ya shigar da mu labari sai ya riga mu karanta shi a gida, ta haka ya ga abin da ke jiranmu a tsakiyar littafin, labarin 'yar wani masunci da ruwa ya cinye ubanta. Ina matar aure matarsa ta ba ni labarin yadda aka yi. Wai ya jingine keke a ƙofar gidanmu ya nemi ganin Kaka, ya gaya mata abin da ke cikin littafin, ya kuma ce shi a ganinsa gara a faɗa wa yarinyar nan gaskiya ta yi kukanta ta huta. Kaka ta ce ba yanzu ba, sai na ƙara ƙwari, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Littattafan kuma ta ce ya tattara ya zuba a kogi ko ya cinna musu wuta. Malam ya ce kayan hukuma ne, ban da haka ma hannunsa ba zai iya ƙona rubutu ba. Suka daɗe suna ja, shi yana "Iya, a duba dai," ita tana "Malam, na riga na duba." A ƙarshe ya ce ta bar masa, zai san yadda zai yi.

Abin da ya yi shi ne, wata rana ya sallame mu da wuri ya ce kowa ya shiga daji ya samo masa ƙaro, zai gyara littattafan da suka yage. Ƙaro kuwa ba baƙonmu ba ne, shi ake jiƙawa a haɗa tawada, mu kuma mukan ɓamɓaro shi a jikin bishiyar ɗakwara mu tauna yana manne mana haƙora. Muka bazu muna tsalle, ƙaya na yagar zannuwa. Ni da son a yabe ni na fi kowa kutsawa, na dawo da ƙoƙo cike, hannuwa duk karce. Malam ya karɓa, ya dube ni, ya dubi ƙoƙon, ya ce Allah ya yi mini albarka, muryarsa wata iri. Da aka dawo mana da littattafan sai muka tarar tsakiyar kowanne ta yi tauri kamar ƙanzo. Ya bi shafukan labarin nan ɗaya bayan ɗaya ya manne su, ya danne da dutse har suka bushe suka zama falle guda. Labarin kura ya ƙare, ka juya wannan falle mai kauri, sai ka faɗa labarin wani baƙauye da jakinsa, lambar shafi ta yi tsalle.

Muka tambaya, ya ce wannan wurin ba na yara ba ne, sai mun girma. Ai kuwa ya jawo wa kansa. Da bai manne ba da rabinmu gyangyaɗi za su yi a kan labarin, amma da ya manne sai ya zama ba abin da muke so a duniya kamarsa. Manyan ajin suka yanke hukunci cewa zancen ango da amarya ne a ciki, suna faɗa suna rufe baki. Wani ya rantse ya hango hoton aljani da ya ɗaga shafin a rana. Wata ta zura tsinken tsintsiya ta gefe, takarda ta yage, ta sha tsawa. Ni ma na sha ɗaga namu a rana, ban ga komai ba sai inuwar baƙaƙe a kan juna. Shi ya sa da jikata ta ce yanzu duk ajinsu ba su da hira sai ta littafin da aka kulle, ko kaɗan ban yi mamaki ba.

Abin da Malam da Kaka duka ba su lissafa ba shi ne damina. Ƙaro da rani dutse ne, amma da ya ji danshi sai ya saki. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to wankan har gida ya zo mana. Shekarar nan ruwa ya cika fadama ya haura, ya shigo makaranta, rufin kuma na yoyo ta ko'ina. Malam ya kasa hayowa, kogi ya fi ƙarfin jirgi. Mai unguwa ne ya tara samari suka kwaso littattafai a kwanduna, jiƙe sharkaf, ya raba wa 'yan makaranta ya ce kowa ya je gida ya shanya, a mayar wa Malam kayansa in ruwa ya janye. Shi bai san zancen manne ba, ko kuwa ya sani ya manta a cikin wannan rububi. Aka ba ni ɗaya na rungumo shi.

Washegari rana ta fito, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe littafin na danne gefensa da duwatsu. Kaka ta tafi karɓar haihuwa a wata unguwa, Inna ta tafi bakin ruwa da tukwane, ƙanena goye a bayanta. Da hantsi na zo juya shi, sai na ga kiyashi sun yi layi suna shiga tsakiyar littafin, ƙaro ya kira su. Na sa yatsa in kakkaɓe su, fallen nan mai kauri ya buɗe da kansa, shafi na rabuwa da shafi, ƙaron na jan zare. Murna ta kama ni. Na waiga, ba kowa sai kaji. Na kwanta rub da ciki na soma bi da yatsa, ina jiran ango da amarya.

Ba ango, ba amarya. Wata yarinya ce kamata, ubanta masunci. A hankali nake karatu a lokacin, kalma-kalma, ina motsa baki, don haka labarin bai faɗo mini gaba ɗaya ba, ɗigowa ya riƙa yi. Uban ya fita da safe. Yamma ta yi bai dawo ba. Abokansa suka dawo su kaɗai suka tsaya a ƙofar gida, ba mai son fara magana, ɗayansu yana ɗauke da goran mutumin a ka. Mai labarin ya ce haka masunta suke yi, in ruwa ya riƙe ɗan'uwansu sai su kawo goransa gida su miƙa wa iyalinsa. Ya ce daga ranar mutanen gari suka riƙa yi wa yarinyar alheri, kowa ya gan ta sai ya shafa kanta. A nan yatsana ya tsaya. Na ɗaga kai na dubi ɗakin Kaka, ƙofarsa a buɗe. Goran Baba yana rataye a can ciki tun ranar da na dawo daga Jahun, kullum a ƙarƙashinsa nake kwana. Na taɓa tambaya aka ce ai a Cadi da jirgi ake kamun kifi. Na yarda a lokacin, domin ina so in yarda.

Ban yi kuka ba. Na karanta labarin har ƙarshe, ina so in ga abin da yarinyar ta yi ko zan san abin da ake yi. Ita tun ranar aka faɗa mata, ta yi kuka a jikin uwarta, aka yi sadaka, aka kai ta ta ga inda aka sa shi. Na tuna har wani abu kamar ƙyashi na ji game da ita. Mutane suna tsoron labari mai nauyi zai karya yaro, ba na kuma cewa ba ya karya wani. Ni dai abin da na ji shi ne kamar an sauke mini tulun da na daɗe ina ɗauke da shi, sai bayan an sauke wuyana ya fara ciwo. Abin da nake jin zafinsa har yau shi ne ni kaɗai na ji maganar, daga takarda, ba hannun kowa a kafaɗata. Duk da haka ban riƙe Kaka a zuciya ba. Ɗanta ta rasa, kuma ina jin muddin ina jiransa ita ma tana da mai taya ta ƙin yarda. Ban riƙe Malam ba shi ma. Da ruwa ya janye ya tarar littattafansa duk sun buɗe, bai sake aiken ƙaro ba, ya karanta mana labarin da bakinsa yana tsayawa yana gyaran murya. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar dai na rufe littafin na fita neman Inna, ko takalmi ban sa ba.

Ruwa ya zo har bayan gari, don haka ban yi nisa ba na same ta. Tana tsugune a baki-baki, ƙanena na barci a bayanta, tana cuɗa wata tukunya da toka, tukunyar kuwa tsaf take. Wasu mata suna wanki can gefe. Na tsaya a bayanta na daɗe. Ta san ina nan, ba ta waigo ba.

Ta ce, "Ke, wa kika bar wa shanyar?"

Na ce, "Inna, Baba ya rasu ko?"

Hannunta ya tsaya a cikin tukunyar. Na ji ruwa na bugun gaɓa, na ji matan nan sun daina bugun wanki. Ina jira ta ce in je in tambayi Kaka, ko ta daka mini tsawa, ko ta ce Cadi. Sai ta ajiye tukunyar ta ɗauraye hannu, ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Ya rasu. Tun kina Jahun."

Ta jawo ni ta zaunar a gabanta a kan laka, ta riƙe hannuwana, nata da sanyin ruwa. Ba ta tambayi wanda ya gaya mini ba. Sai a lokacin kukan ya zo, nawa da nata. Ashe ita ma tun da na dawo ba ta da wurin kuka a gidan, sai nan bakin ruwa inda in an ga fuska a jiƙe ba mai tambaya. Matan suka taso suka kewaye mu, ba wadda ta ce mu yi shiru.

Da muka lafa ta share mini fuska da gefen zanenta, ta tambaye ni me nake roƙa wa Baba in na idar da salla. Na ce kullum cewa nake Allah ya dawo da shi lafiya, ya ba shi kifi da yawa. Ta runtse ido. Ta ce ta sani, ta sha jina ta bayan zana, kuma duk tsawon lokacin nan ba abin da ya fi wannan cin ranta. Malamai sun ce addu'ar ɗa tana isa ga mamaci har kabarinsa, shi kuwa ga 'yarsa ta iya salla, amma an bar shi can a baƙon wuri ba ta taɓa nema masa gafara ba.

Ta ce, "Ɗaga hannunki. Ce, Allah ya jiƙan Baba."

Na ɗaga. Bakina ya ƙi, domin na san in na faɗa shi ke nan, ba zai dawo ba. Ba ta gaggauta ni ba, ta tallabi hannuwana daga ƙasa ta jira. Da na faɗa muryata can ƙasa take, da ƙyar ni kaina na ji, amma matan nan duka sun ji, suka amsa da amin gaba ɗaya.

Inna ta ce, "Ƙara. Ya daɗe yana jira."

Na ƙara.